Toshe EGR a Tsohuwar Mota: Abin da Ke Faruwa a Cikin Inji

Da yawa daga cikin motocin Kwatano da ke yawo a titunanmu suna ɗauke da wani ɗan bawul mai suna EGR. Idan mota ta fara rawa a sulo ko tana mutuwa a go-sulo, shawarar da mai mota ya fi ji a gareji ita ce a toshe bawul ɗin da ɗan faranti a huta. Motar za ta tashi, za ta kuma yi tafiya. Amma akwai abin da ake asararsa, wanda ya kamata a sani kafin a ɗauki sifana.

Mene ne aikin EGR?

Aikinsa shi ne ɗebo wani kaso na hayaƙin da ke hanyar fita ta salansa, ya mayar da shi cikin inji ya gauraya da sabuwar iska. Hayaƙin ya riga ya ƙone, don haka ba ya sake kamawa. Yana cike wuri ne a cikin silinda, yana kuma shanye wani ɓangare na zafin wutar. A injin fetur, kason yakan kasance tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, a injin dizal kuwa yana iya kaiwa kashi 50.

Dalilin rage zafin shi ne, idan wutar silinda ta haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, sinadaran naitirojin da oksijin na cikin iska suna haɗuwa su zama gubar da ake kira NOx, mai illa ga huhu musamman ga masu asma. Dokokin tsaftace iska na Amurka ne suka sa kamfanonin mota suka fara sanya EGR a farkon shekarun 1970.

Bawul ɗin ba kullum yake buɗe ba. A injin fetur yana rufe lokacin sulo, da lokacin da inji bai ɗumama ba, da lokacin da aka taka totur har ƙasa. Yana buɗewa ne a matsakaicin gudu. Wannan ya sa maganar cewa toshe shi na ƙara wa mota ƙarfi ba ta da tushe sosai, domin a lokacin da ake neman cikakken ƙarfi dama a rufe yake.

Me ya sa yake ba da matsala?

Baƙin hayaƙi na taruwa a jikinsa har ya daskare. Idan ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga a sulo, mota ta yi ta karkarwa tana mutuwa. Idan ya toshe gaba ɗaya, zafi zai ƙaru a silinda. Toshewa da faranti na magance matsala ta farko, amma tana jefa inji cikin ta biyu da gangan.

A injin fetur

Kamfani ya saita lokacin tartsatsin filogi ne bisa lissafin cewa hayaƙin zai shigo. Da zarar babu shi, man na iya fashewa da kansa ba bisa tsari ba. Alamar ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu ko da kaya a mota. Idan abin ya daɗe, yana cin kan fistan, yana lalata gasket. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri yana ƙara tsananta shi.

Motar da ke da na'urar jin wannan ƙara za ta ja lokacin tartsatsin baya da kanta, sai dai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Tsohuwar mota mai kafireto ba ta da wannan kariya, sai bakanike ya gyara saitin da hannu.

A injin dizal

A nan toshewar na rage baƙin da ke cushe hanyar iska, shi ya sa masu dizal suka fi sha'awarta. Sai dai NOx da ke fita yana ƙaruwa matuƙa. Wannan guba ce ta jawo badaƙalar Volkswagen a 2015, inda aka gano manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. A Amurka, cire EGR daga motar da ke hawa titi laifi ne a doka.

Yadda waya za ta taimaka

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 a ƙasan sitiyari. Da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, mai mota zai iya karanta lambar matsala a wayarsa. P0401 na nufin hayaƙin da ke dawowa ya yi kaɗan, P0402 kuma ya yi yawa. Motar da aka toshe wa EGR takan kunna fitilar gargaɗin inji ta bar ta a kunne, kuma idan wata matsala ta daban ta taso daga baya, direba ba zai lura ba.

Abin da ya fi dacewa

Sau da yawa bawul ɗin bai mutu ba, datti ne kawai. A kwance shi, a wanke da maganin wanke kafireto, a kankare hanyoyin hayaƙin, a duba siraran tiyo da wayoyinsa, a sa sabon gasket. Idan hakan bai yi ba, a nemi wani bawul. Wanda kuma dole ta sa ya toshe na ɗan lokaci, ya riƙa sauraron injinsa a hawan tudu, yana duba allurar zafi. Da ya ji ƙarar tsakuwa, ya sassauta totur ya nufi gareji, domin kuɗin bawul bai kai na sauke inji ba.