Pawa Sitiyari a Tsofaffin Akori-kura: Yadda Ake Barin Sandar Asali a Gurbinta

Galibin akori-kurar da Chevrolet da Ford suka ƙera a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fito ne ba tare da pawa sitiyari ba. Chevrolet ta yi samfurin Advance Design daga 1947 zuwa farkon 1955, Ford kuma ta fitar da F-1 a 1948, sannan F-100 ta gaje ta a 1953. Fasahar ta riga ta samu, domin injiniya Francis W. Davis ya gwada ta tun 1926, Chrysler kuma ta sa ta a motar Imperial a 1951, sai dai a lokacin kayan alatu ce ta motocin masu hannu da shuni. Motar manomi da ɗan kwangila da ƙarfin damtse ake sarrafa ta. Shi ya sa aka yi mata kambu mai faɗin kusan inci 18, aka kuma tsara giyar akwatin sitiyari yadda sai direba ya yi ta juyi kafin taya ta kai maƙura.

Masu farfaɗo da waɗannan motoci a yau sukan sa musu tayoyin zamani, waɗanda suka fi na da faɗi da kama ƙasa, sai sitiyarin ya ƙara nauyi, musamman wajen ajiye mota a matsattsen wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce a tumɓuke sandar sitiyarin gaba ɗaya a sa ta zamani. Da yawa ba sa yarda da haka, kuma suna da hujja. A jikin sandar asali hannun giya yake a yawancin motocin masu giya uku, a kanta kambu da madannin hon mai tambarin kamfani suke, kuma da ita aka auna tazarar kujera da dashbod. Idan aka cire ta, ɗakin direba ya tashi daga kamanninsa ko da fentin waje ya yi kyau.

Tushen wahalar barin sandar a gurbinta yana cikin ƙirar. A motocin zamani sandar sitiyari daban take, akwati daban, mahaɗi ne ke tsakaninsu. A waɗannan tsofaffi kuwa sanda guda ce miƙaƙƙiya tun daga kambu har cikin akwati, murɗaɗɗiyar giyar akwatin ma a ƙarshenta take manne. Bututun da ya lulluɓe sandar a wuyan akwatin yake ɗaure. Ke nan akwatin ne ke riƙe ƙasan bututu, shi ke daidaita sanda a tsakiya, shi ke hana ta zamewa sama ko ƙasa. A Ford, wayar hon ma ta cikin ramin sandar take bi ta fito ta gindin akwati. Duk wanda ya cire tsohon akwati sai ya samar wa kowane ɗaya daga waɗannan ayyuka madadi.

Akwai hanyar da ba ta taɓa sanda ko akwati. Ana ɗaura bawul a kan sandar da ke jan taya daga akwati, a kafa silinda tsakanin aksil da tayarod, famfo kuma ya tura mai. Da direba ya juya kambu, bawul ya buɗe, silinda ta tura tayoyin. Irin wannan tsari Corvette ta yi amfani da shi daga 1963 zuwa 1982, haka ma Mustang ta farko. Ya fi kowanne kiyaye asali, amma tiyo huɗu da mahaɗansu suna ƙarƙashin mota inda ƙura da duwatsu ke dukansu, yoyon mai ya zama ruwan dare, kuma duk wasan da ke cikin tsohon akwati yana nan bai tafi ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce sauya akwatin da wanda pawa ke cikinsa. Masu Ford sun daɗe suna amfani da akwatin Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu ta 1979 zuwa 1985, saboda ita ma aksil ɗinta na gaba guda ne a kan sifirin, hannun akwatinta kuma gaba da baya yake motsi kamar na F-100. A nan ne ake yanka sandar asali, kuma a nan ne aikin ke neman natsuwa, don abin da aka yanke ba ya komawa. Makanike mai hankali yakan fara kafa sabon akwati a shasi, ya zaunar da kambu a tsayin da yake a da, ya auna, sannan ya ɗauki zarto. Ana yanka bututu ya fi sanda gajarta, yadda ƴan incina na sandar za su leƙo. A bakin bututun ana dasa boris ya riƙe sanda a tsakiya, a sa zobe mai kusa ya hana ta zamewa, a kuma yi maƙali mai ƙarfi a daɓen mota ya ɗaure bututun. In babu maƙalin nan, kambu zai riƙa rawa a hannu, hannun giya kuma ya daina shiga daidai, tunda sandunan giya daga ƙasan bututun suke tashi. Saboda su ne ma ake yankan a ƙasa da inda suke, ba a sama ba.

Ƙarshen sandar ana goge gefensa biyu su zama shafaffu, a kan ma'aunin kashi uku cikin huɗu na inci da aka saba, don ya shige cikin mahaɗi mai lanƙwasa ba tare da ya sulɓe ba. Kusar da ke matse mahaɗin ana yi mata ɗan gurbi a jikin sanda, a ɗaure ta da noti. Walda a kan mahaɗi kuskure ne da ya kamata a guje masa: zafi yana ƙone giris da robar da ke kare ƙananan boris na ciki, ya kuma raunana ƙarfen a wurin da ran direba ya dogara da shi. Mahaɗi ɗaya bai kamata ya lanƙwasa fiye da kimanin digiri 30 ba. In an sa biyu, dole bakunansu su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba sitiyari zai riƙa tauri da saki a cikin juyi guda. In sun kai uku, sai an ƙara boris a tsakiya ya tallafi sandar. Wayar hon ta Ford kuwa, tunda mahaɗi ya toshe mata hanya, ana yi mata zoben tagulla da burushi a jikin sanda, wuta ta wuce ko da ana juyi.

Hanya ta uku ta lantarki ce. Ana yanka sanda a ƙarƙashin dashbod a dasa ƙaramar na'urar lantarki mai jin ƙarfin hannu, sau da yawa wadda aka ciro daga Saturn Vue ko Toyota Prius. Babu famfo, babu bel, babu mai. Amma tana son volt 12 da altaneta mai ƙarfi, alhali Chevrolet ba ta bar volt 6 ba sai a 1955, Ford kuma sai a 1956. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne duk ƙarfin da ta ƙara ta cikin tsohon akwati yake bi, wanda aka ƙera daidai da ƙarfin hannun mutum. Akwatin da ya ci sai an gyara shi tukuna. Motar mai giya a jikin sanda kuma da ƙyar take ba da wurin dasa na'urar.

Kowace hanya aka bi, akwai abin da ke biyo baya. Babban kambu da pawa idan suka haɗu sitiyari yakan yi sauƙi fiye da kima, mota ta riƙa yawo a kan titi. Maganinsa a rage matsin famfo, a kuma cusa siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin sifirin da aksil don kinfin ya ƙara kishingiɗa baya, wanda ke sa tayoyi su riƙa komawa tsakiya da kansu. Shasi ma yana buƙatar farantin ƙarfafawa inda sabon akwati ya zauna, domin yanzu ana iya juya taya mota na tsaye, tsohon ƙarfe kuma yakan tsage a bakin ramukan kusa. Kinfin da tayarod da suka yi sako-sako pawa ba ta gyara su, ɓoye su take yi daga hannun direba.

Batun haɗari shi ne inda sandar asali ta fi rauni. Sandar da ke naɗewa idan an yi karo General Motors ta fara sa ta a motocinta na 1967, dokar Amurka kuma ta wajabta irin wannan kariya ga motocin fasinja daga 1968. Ta kafin wannan lokaci miƙaƙƙen ƙarfe ne da ke fuskantar ƙirjin direba. Yanka ta da sa mahaɗai a karkace yana rage yiwuwar karo ya turo ta cikin ɗaki, sandar tsakiya mai shigewa cikin juna kuma tana ƙara rage shi, don haka ya dace a sa ta duk inda wuri ya samu. Sashen sama dai yana nan da taurinsa, shi ya sa masu wannan aiki da yawa suke haɗa shi da kafa bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa.