Abin da ya kamata ku sani kafin sayen na'urar gem: PlayStation, Xbox ko Nintendo?

A majalisun matasa, idan aka cire musun Real Madrid da Barcelona, da wuya a sami wanda ke ɗaukar zafi kamar musun wace na'urar gem ce ta fi. Mai PlayStation ba ya yarda a haɗa tasa da kowace, mai Xbox ya ce ai tasa ce ƙarshe, wanda ya taɓa riƙe Nintendo kuma ya ce duk ba su san daɗin wasa ba. Wanda abin ke wahalarwa shi ne mai shirin saye: matashin da ya daɗe yana tari, ko uban da yara suka tasa a gaba, ko mai son buɗe gidan gem a unguwa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma idan aka yi zaɓen tumun dare, sai a daɗe ana cizon yatsa.

Gaskiyar magana ita ce babu na'urar da ta fi sauran a kowane gida. Abubuwa huɗu ne ke raba gardama: wasan da mutum yake so, wutar da yake samu, datar da zai iya saye, da kuma mutanen da zai buga da su.

Su wane ne ke ƙera su

Nintendo ne dattijo a cikinsu. An kafa shi a birnin Kyoto na Japan tun 1889, yana buga katin karta, sai daga baya ya koma wasannin lantarki. A 1983 ya fito da Famicom, wadda ta gabatar da Mario ga gidaje da yawa a duniya. Game Boy ta biyo baya a 1989, Wii a 2006, Switch a 2017, sannan Switch 2 a watan Yunin 2025.

Sony ma na Japan ne, kuma saɓani ne ya jefa shi cikin harkar. Ya fara aikin haɗin gwiwa da Nintendo kan wata na'urar gem, a 1991 Nintendo ya janye, sai injiniya Ken Kutaragi ya matsa wa shugabannin Sony su ci gaba da aikin su kaɗai. PlayStation ta farko ta fito a Disambar 1994. PS2 da ta zo a 2000 an sayar da fiye da miliyan 155, kuma a kanta matasanmu da yawa suka koyi Winning Eleven da God of War da GTA. Sai PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 a Nuwambar 2020.

Microsoft na Amurka, mai Windows, shi ne auta. Ya shigo da Xbox a 2001, Xbox 360 a 2005, Xbox One a 2013, sannan tagwayensa, Series X da Series S, a wata ɗaya da PS5. Shi kuwa Sega, wanda manya ke tunawa da Sonic da Mortal Kombat a kan Mega Drive, ya daina ƙera na'ura tun 2001, ya tsaya a yin wasanni.

Maganar ƙarfi

A nan musu ya fi tsawo, alhali a nan bambancin ya fi ƙanƙanta. PS5 da Xbox Series X duk kamfanin AMD ne ya ƙera musu ƙwaƙwalwa, kuma tsarin cikinsu ya yi kama ƙwarai. A takarda Series X ta ɗan ɗara wajen zana hoto, PS5 kuma ta ɗara wajen saurin ɗauko wasa daga ma'ajiya. Amma idan aka jera su aka kunna wasa ɗaya, mafi yawan mutane ba za su iya nuna wace ce wace ba. Dukansu sun fara fita a kan dala 499, PS5 marar faifai kuma dala 399, kafin kamfanonin biyu su ƙara farashi daga baya.

Series S ƙanwar Series X ce: ta fito a dala 299, tana buga duk wasannin yayarta amma da hoto mai sauƙi, ba ta da gurbin sa faifai, kuma daga gigabait 512 na ma'ajiyar samfurin farko, kusan 364 ne kawai ke rage wa mai ita.

Nintendo ya daɗe da fita daga wannan tsere. Switch ta farko ba ta ko kai PS4 ƙarfi ba, amma tana da allonta da batirinta. Ana iya riƙe ta a hannu a mota ko a kan gado, a dawo a ɗora ta a mazauninta ta koma talabijin, a zare hannayenta biyu mutum biyu su yi wasa. Da wannan dabarar ta sayar da fiye da miliyan 140.

A kuma tuna cewa kyan hoton PS5 da Series X sai a talabijin mai 4K yake fitowa sosai. Wanda ke da ƙaramar talabijin ta da, rabin abin da ya biya wa kuɗi ba zai gan shi ba.

Wasa ake saye, ba akwati ba

Ainihin bambancin yana cikin wasannin da kowane kamfani ya keɓe wa kansa. Mario da Zelda da manyan wasannin Pokémon ba a samunsu a PlayStation ko Xbox. God of War da Spider-Man na Sony da The Last of Us ba sa zuwa Xbox, sai dai wasunsu kan sauka a kwamfuta daga baya. Xbox ta yi suna da Halo da Forza da Gears of War, amma Microsoft ya sassauta: ya sayi Activision Blizzard, masu Call of Duty, a 2023 kan kusan dala biliyan 69, bai kuma hana masu PlayStation wasan ba, har Forza Horizon 5 ma ya kai musu a 2025. Abin da Xbox ke taƙama da shi yanzu shi ne Game Pass, tsarin da aka fara a 2017, inda mutum zai biya kuɗin wata ya riƙa sauke ɗaruruwan wasanni.

A wajenmu kuwa, ƙwallo ce sarauniya. Shiga kowane gidan gem da yamma: talabijin uku ko huɗu jere a bango, benci cike da masu jiran layi, yaro ɗaya riƙe da littafi yana rubuta wanda ya biya, biyu a gaba sun sunkuya kowa da fad, wato abin sarrafa wasa, a hannu, an yi ƙa'ida wanda aka ci ya tashi. Da wuya ka ga wani wasa a allon ban da ƙwallo. PES na kamfanin Konami ya koma eFootball a 2021, ana sauke shi kyauta. FIFA na EA Sports, wanda aka fara tun 1993, ya koma EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Duka biyun suna nan a PlayStation da Xbox, kuma har 2025 EA na fitar da sabon FC a PS4. Saboda haka wanda ƙwallo kaɗai ta dame shi, PS4 mai lafiya ta ishe shi a yanzu. Mai jiran GTA VI ne ba shi da zaɓi, domin PS5 da Xbox Series aka sanar zai fito a kansu.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Na farko wuta. PS5 kan ja kusan wat 200 idan wasa ya yi nauyi, ban da abin da talabijin ke ci. Series S ba ta kai wat 100, Switch ta farko kuwa ko wat 20 ba ta ci. Ga mai ƙaramar sola ko inbata, wannan lissafin ya fi duk wani musun ƙarfi muhimmanci. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa ko sabunta manhaja na iya lalata bayanan cikin na'ura, ƙarfin wuta mai hawa da sauka kuma yana ƙona ta. Sitabilaiza ko UPS na cikin kuɗin saye, ba ƙari ba ne. Idan tsohuwar na'ura ce daga Amurka, irin su PS2 da Xbox 360, a karanta rubutun bayanta ko na cajarta kafin a jona: wadda aka yi wa wutar 110 ba ta jure tamu ta 220 zuwa 240.

Na biyu data. Wasan ƙwallo na zamani kan ci gigabait 40 ko fiye, Call of Duty kuma yakan haura 100. Ko da faifai aka saya, sau da yawa sai an sauke gyare-gyare masu nauyi. A nan ne arahar Series S da PS5 marar faifai ke iya zama tarko, domin komai sai ta intanet: ba aro, ba musaya da aboki, ba sayar da tsohon wasa a cika a sayi sabo. Game Pass garaɓasa ce ga mai intanet marar iyaka, amma ga mai sayen data gigabait biyar-biyar, araha ce da ba ta ado.

Na uku asusu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa masu wasa ke buɗewa da sunan Amurka ko Ingila suna sayen katin kuɗi. Dole katin ya zama na ƙasar da aka buɗe asusun da ita, in ba haka ba ba zai shiga ba. Kuma buga yawancin wasannin kuɗi da wani ta intanet na buƙatar rajistar wata ko shekara a kan duka na'urorin uku, sai dai wasannin kyauta irin su Fortnite.

Na huɗu fad. Guda ɗaya ke zuwa a kwalin PlayStation da Xbox, na biyu sai an saya. Fad ɗin Xbox One na aiki a Series, amma na PS4 ba ya buga wasannin PS5. Sandar fad kuma kan gaji, ɗan wasa ya riƙa tafiya da kansa ba a taɓa shi ba, matsalar da hannayen Switch suka fi yin ƙaurin suna a kai.

Idan ta hannu za a saya

Mafi yawan na'urorin da ke kasuwanninmu na hannu ne, kuma ba laifi ba ne idan an duba da kyau. Kada a yarda da kunnawar minti biyu. A sa wasa mai nauyi a bar shi rabin awa, a kasa kunne: idan fankar ciki ta fara ƙara kamar injin markaɗe, ƙura ta toshe ta ko zafi ya ci ta. A juya bayanta a ga ko an ɓalle tambarin da ke kan kusoshi, alamar an taɓa buɗe ta. A girgiza wayar HDMI a bakin ramin a ga ko hoto zai ɗauke. A sa faifai a fitar sau biyu ko uku. A saki fad a ajiye, a duba ko wani abu na motsi a allo. Sannan a jona ta da intanet a gwada shiga asusu, domin akwai waɗanda kamfani ya toshe har abada.

Za a kuma tallata muku wadda aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni. Ku san abin da kuke saye: wasannin na sata ne, ba a shiga wasan intanet da ita, kuma ranar da wani yaro ya danna sabunta manhaja, kutsen ya tafi.

Nasiha ga iyaye

Ba kowane gem ne na yara ba. A jikin kowane kwali akwai alamar shekaru: na Turai lamba ce, 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma harafi ne, E na kowa, T na matasa, M na masu shekara 17 zuwa sama. Wasan ƙwallo na kowa ne, amma manyan wasannin GTA da God of War da Mortal Kombat na manya ne, akwai zubar da jini, a wasu har da batsa. Abin takaici ne a ga ɗan shekara tara yana buga su ba wanda ya lura. Duka na'urorin uku suna da wurin da iyaye za su taƙaita irin wasa da kashe kuɗi da hira da baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma tana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya hana shi karatu da aiki da zumunci na tsawon lokaci, ba duk mai wasa ba. Maganin shi ne ƙa'ida tun ranar farko: na'ura a falo, lokaci sananne, salla da makarantar boko da Islamiyya a gaba.

To wacce za a ɗauka

Mai buɗe gidan gem, PlayStation ce kasuwa ta sani: masu gyaranta da fad da faifanta sun fi samuwa, kuma hannun yara ya saba da ita. Mai wuta da intanet tsayayyu da ke son ɗanɗana wasanni da yawa da kuɗi kaɗan, Xbox da Game Pass sun dace da shi. Gida mai ƙananan yara, ko wurin da wuta ke wuya, ko mai yawan tafiya, Switch ta fi masa amfani. Mai ƙaramin ƙarfi kuma kada ya ji kunyar PS4, wadda aka sayar da fiye da miliyan 117 kuma yawancin wasanninta za su bi shi zuwa PS5 duk ranar da hali ya samu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kafin a je kasuwa, a rubuta wasanni uku da aka fi so, a tambayi abokan wasa wace na'ura ke hannunsu, a haɗa kuɗin fad na biyu da sitabilaiza da datar wata uku a kan farashin. Idan jimlar ta fi ƙarfin aljihu, a sauko mataki ɗaya, domin gara tsohuwar na'urar da ake kunnawa kullum da sabuwar da aka ci bashi aka saya kuma aka kasa ciyar da ita.