2.3 Kwaikwayon Igiyar Teku a Kwamfuta

Wanda ya tashi a ƙasar Daura, iyakar babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Sabke ko ta Daberam, inda igiya ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan ɗalibin da ya ƙera kwale-kwale mai tuƙa kansa domin teku, a kwamfuta zai fara gwada shi, cikin manhaja irin Gazebo da aka soma a Amurka a 2002.

Hanyar da aka saba bi ita ce lissafin Franz Gerstner na 1802. Ya nuna cewa ɗigon ruwa ba ya bin igiya, kewaye yake yi a inda yake; shi ya sa kan igiya ke tsini, kwarinta ya yi faɗi. A ruwa mai zurfi, igiyar da ke maimaituwa duk daƙiƙa 8 tsawonta kimanin mita 100 ne. Akan ɗora irin waɗannan kan juna, kowace da tsawonta da alƙiblarta, don kada ruwan ya fito kamar kunyar gona.

A ganin wannan nazari, wurin tuntuɓe shi ne sashen da ke zana igiya daban yake da wanda ke lissafa ƙarfin da ke ɗaga kwale-kwalen. Muddin ba su bi lissafi ɗaya da agogo ɗaya ba, sai a ga kwale-kwale na lilo a iska, sakamakon gwajin kuwa ya tashi a banza.