Shirya Teburin Wasan Kwamfuta a Gida Cikin Rahusa: Misali Daga Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Wasa daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa. Masu dara ba sa buƙatar komai illa inuwa da gurabu 30 a ƙasa da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Zamani ya zo da wasan na'ura, wanda matasa suka aro masa suna daga Ingilishi suna ce masa "gem", wurin da ake biyan kuɗi a buga shi kuwa "gidan gem". Wannan darasi zai yi bayanin yadda matashi mai ƙaramin ƙarfi zai shirya wurin wasansa a gida, tare da la'akari da yanayin ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina.

2.0 Yanayin Yankin

Batsari da Safana suna maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Wannan ya sa iyaye da dama suka fi son 'ya'yansu su kasance a gida bayan magariba, maimakon zaman gidan gem. Haka kuma, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu, aka shafe watanni babu sadarwa. Darasin da ke nan shi ne, wasan da ba ya tafiya sai da intanet ba abin dogaro ba ne. Wanda ke kan faifai ko a cikin na'ura ya fi dacewa.

3.0 Wutar Lantarki

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara sayen na'ura kafin a san inda wuta za ta fito. Wutar gwamnati ba ta tsayawa a karkara, janareta kuwa ya ƙara tsada tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Saboda haka, ƙaramar sola da batir da inbata su ne mafita.

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 zai iya ɗaukar kayan da ke jan wat 100 har tsawon awa 12. Sai dai batirin ruwa yana saurin mutuwa idan ana shanye fiye da rabinsa, don haka rabin kawai za a ƙirga. PlayStation 4 tare da talabijin mai inci 32 sukan ja kimanin wat 150, wato wasan da bai wuce awa 4 ba, domin inbata ma tana cin nata rabon. Kwamfutar cinya mai jan wat 60 kuwa za ta kusa awa 10. Mai haɗawa da wutar gwamnati ya tanadi na'urar daidaita wuta, don kada ta zo da ƙarfi ta ƙona masa kaya.

4.0 Tebur da Kujera

Ba dole ba ne a sayi tebur na kanti. Kafintan unguwa zai ƙera shi da katako da falanki a kan kuɗi kaɗan. Tsayin da ya dace da baligi shi ne kimanin santimita 75. A huda rami a bayansa domin wayoyi, a yi wa na'ura kanta a sama da ƙasa, sannan a shafa wa ƙafafun maganin gara. Kujera ta kasance mai majingina, yadda tafin ƙafa zai taɓa ƙasa sosai. A ajiye allon kallo nesa da fuska gwargwadon tsawon hannu, samansa kuma ya yi daidai da ido, don kauce wa ciwon wuya da na baya.

5.0 Zaɓen Na'ura

Hausawa kan ce, daidai ruwa daidai tsaki. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a 2000, ta 4 a 2013, ta 5 kuma a 2020. Tsofaffin sun fi araha, kuma mafi yawan wasanninsu ba sa neman intanet. Ana samun na hannu a birnin Katsina da Kano, amma kada a biya sai an kunna an gwada, an saurari ƙarar fankarta. Ga ɗalibi, kwamfutar cinya ta fi amfani, domin da ita zai yi jinga, da ita kuma zai yi wasa.

6.0 Ƙura da Zafi

Ƙurar hunturu takan toshe kafofin shan iskar na'ura, zafin bazara kuma ya ƙarasa ta. A ajiye tebur nesa da taga, a bar tazara tsakaninsa da bango, a rufe kayan da ƙyalle bayan sun huce.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rahusa tana samuwa ne ta hanyar bin tsari: wuta da farko, sai tebur da kujera, sannan na'ura. Abin da ya rage shi ne kiyaye lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka. Ya kamata iyaye su ƙayyade lokacin wasa, yadda ba zai ci lokacin salla da karatu da aikin gona ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ya kamata a tanadi wuta kafin sayen na'ura?
2. Kawo kalmomin aro biyar daga wannan darasi, tare da bayyana asalinsu.