Yadda RPG ke aron kayan aikin C a kwamfutocin IBM

A bankuna, kamfanonin inshora da manyan rumbunan kaya na ƙasashe da dama, har gobe ana aiki da jikokin AS/400, kwamfutar da IBM ta fitar a 1988, wadda a yau ake kiran tsarinta IBM i. Yawancin manhajojin da ke kanta da harshen RPG aka rubuta su, harshen da aka ƙirƙiro tun 1959 don fitar da rahotannin kasuwanci. Wajen lissafin kuɗi RPG ba shi da na biyu, amma ba a gina shi don hulɗa da intanet ba. Irin wannan aiki kuwa yana nan a shirye cikin taskar harshen C.

Hanya ta buɗe ne da zuwan tsarin ILE a 1993, sai RPG IV a 1994. Daga nan aka iya ɗinke guntayen da aka rubuta da harsuna mabambanta su zama manhaja guda. Mai rubutun RPG zai siffanta aikin C ɗin da yake so: ya kira sunansa da EXTPROC, ya faɗi abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, ya nuna QC2LE a matsayin inda za a nemo shi.

A wannan siffantawar gizo ke saƙa, domin na'ura ba ta tantance ta; suna kawai take dubawa, sauran ta gaskata ka. RPG kan miƙa adireshin inda bayani yake, alhali ayyukan C da yawa bayanin kansa suke jira. Ka manta kalmar VALUE, manhajar za ta haɗu lafiya lau, ɓarnar sai ranar aiki. Haka rubutu: C yana gane ƙarshensa ne da alamar sifili, RPG kuwa cike gurbin yake yi da fili. In ba a sa OPTIONS(*STRING) ba, C zai zarce yana karanta abin da ba nasa ba.

Duk da haka, a ganina aron ya fi sake ƙirƙira nesa ba kusa ba. Da irinsa Scott Klement ya gina HTTPAPI, kayan aikin kyauta da ya bai wa manhajojin RPG damar magana da shafukan intanet.

Sai dai C ba ya ihu idan ya gaza. Aikin buɗe fayil, alal misali, -1 kawai zai mayar ya yi shiru, kuma sai mai rubutu ya je da kansa ya duba errno, inda ake ajiye lambar kuskuren, kafin ya san dalili.