Tankin mai a tsakar gida: abin da ya kamata a sani kafin a aza shi

Tun da aka shiga matsalar ɗauke wutar lantarki a watan Ogusta na 2023, sannan aka sha dogon layi a gidajen mai a watan Maris na 2025, mutane da yawa sun fara tunanin ajiye mai a kusa da su. Mai injin niƙa yana so, mai gurup yana so, mai lambu da ke ban ruwa da inji shi ma yana so. Ƴan uwa da ke Kwatano, Akra ko Faransa su kan aiko da kuɗi su ce a sayi tanki a aza a gida don a huta. Niyyar mai kyau ce. Amma kafin a je Katako neman tanki, sai an fara duba wurin da za a aza shi, da kuma takardar izini.

Mu fara da abin da ke kama wuta. Mutane suna tsoron ruwan fetur, alhali tururinsa ne mugun. Fetur yana fitar da tururi ko a cikin sanyin hunturu, balle a zafin Afrilu da Mayu da Yamai ke wuce digiri 40. Wannan tururi ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya gangara kwata, har ya tarar da murhun maƙwabciya ko guntun sigari. Daga can wutar ke biyo shi ta dawo tanki. Gazuwal ya fi haƙuri, sai ya yi zafi fiye da digiri 50 kafin tururinsa ya kama, amma tankin ƙarfe da ya wuni a rana ba ya da nisa da hakan.

Mutanen Yamai ba su manta daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019 ba. Motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum 50 suka rasu a daren, daga baya adadin ya haura 70, aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa. Allah ya jiƙansu. A fili ne abin ya faru, a bakin hanya. To ku kwatanta da unguwa irin Bukoki, inda katanga ke jingine da katanga, gida ɗaya iyali biyar ko shida, wani lungun ma motar ƴan kwana-kwana ba ta iya shiga.

Shi ya sa doka ta sa baki. Tun ranar 24 ga Mayu 1966 Nijar take da doka a kan wuraren sana'a masu haɗari ko masu cutar da lafiya ko damun maƙwabta, kuma ma'ajiyar mai tana cikinsu. Dokar ta kasa su aji uku. Aji na ɗaya da na biyu ba a buɗe su sai da izinin hukuma, aji na uku kuma sai an sanar da hukuma a rubuce. Irin man da yawansa ne ke nuna ajin da mutum ya faɗa. Akwai kuma dokar 2014 da ta tsara tacewa, ajiya, dako da sayar da man fetur. Ma'anarta a taƙaice: in mai sayarwa za ka zama, wannan wata sana'a ce mai lasisinta daban, ba a shigarta don kawai an mallaki tanki.

A aikace, ka fara zuwa meri ta da'irarka da ofishin ma'aikatar man fetur, ka faɗi irin man, lita nawa, da abin da za ka yi da shi. Ka tafi da takardar fili da zanen wurin, wanda ke nuna inda tankin zai zauna da abin da ke kewaye da shi: ɗakuna, rijiya, makaranta, masallaci. Ga manyan ma'ajiyoyi har ana jin ta bakin maƙwabta kafin a ba da izini. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni dai a ganina maƙwabcin da zai kwana da lita dubu a bayan ɗakinsa yana da haƙƙin a tambaye shi.

Sai aikin kansa. Tankin da ke saman ƙasa yana da fa'ida ɗaya babba a kan na binnewa: in ya fara yoyo, ido zai gani. Amma shi ke shan rana, kuma mota ko amalanke na iya buge shi. Don haka a zuba masa daɓen siminti, a kewaye shi da ƴar katanga kamar kwami, wadda za ta iya riƙe duk man da ke ciki in ya fashe. Wannan kwamin shi ne ke hana mai malala zuwa titi ko nutsewa cikin ƙasa, domin in fetur ya kai ga ruwan rijiya, an yi asarar rijiyar ke nan shekara da shekaru.

Kada a cika tanki fal. Mai yana kumbura da zafi: lita 1000 na fetur na ƙaruwa da kusan lita ɗaya a kowane digiri. Wanda ya cika da sanyin asuba, kafin azahar sai ya ga yana tumbatsa. A bar masa sarari a sama, a sa bututun shaƙar iska mai tsawo da ke fitar da tururi nesa da taga, a shafa masa farin fenti, a yi masa rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Rumfar zana ko ta kara, a'a. A haɗa jikin tankin da waya zuwa sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, saboda zubar mai kaɗai na iya haifar da tartsatsi. Gurup ɗin kuma kada ya zauna gindin tanki, kuma a kashe shi ya huce kafin a ƙara masa mai.

Abu guda da ke yawan cin rai shi ne walda. Tono ko tankin da aka juye mansa ba fanko ba ne, cike yake da tururi, kuma ya fi cikakke saurin fashewa. Duk wanda zai sayi tsohon tanki ya tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, kada kuma ya bari a kai masa wuta sai masu sanin aikin sun wanke shi sun fitar da tururin.

In tsautsayi ya faɗa, ban da ruwa. Mai yana tasowa saman ruwa, ya bi shi ya yaɗu. Yashi da tukunyar kashe gobara mai gari su ne na ajiyewa kusa, inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban tanki ba. A fitar da yara da tsofaffi tukuna, a kira lamba 18. Mutanen karkara da ƴan kwana-kwana ke nesa da su, su kai tankin bayan gari, nesa da rumbuna da tarin kara, su share ciyawar da ke kewaye da shi tun kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.