Richard Stallman ya nemi gafara: shin tuba na mayar wa mutum da kujerarsa?

Duk mai riƙe da wayar Android a kasuwar Dakoro, ko dillalin raguna ne da ke tura saƙon murya zuwa Maradi, ko ɗalibi mai neman darasi a intanet, yana cin moriyar aikin wani Ba'amurke da wataƙila bai taɓa jin sunansa ba. Sunansa Richard Stallman. Shekaru da dama masana kwamfuta na girmama shi kamar uba. A 2019 bakinsa ya raba shi da muƙamansa, a 2021 ya dawo kuma ya nemi gafara, amma har yau kan mutanen fagen a rabe yake game da shi.

Wane ne Stallman?

An haife shi a birnin New York a 1953, ya yi aiki a sashen binciken kwamfuta na jami'ar MIT. A can ne ya ga kamfanoni sun fara ɓoye rubutun da ake gina manhaja da shi, ta yadda wanda ya saya ba ya iya gyara ta ko ba maƙwabcinsa. Kamar a sayar maka da babur ne a hana ka buɗe injinsa, a kuma hana ka kai shi wajen bakaniken unguwa.

A 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar FSF domin kare abin da ake kira manhaja mai ƴanci, wato "logiciel libre" da Faransanci. Ba maganar kyauta ake yi ba, maganar haƙƙi ce guda huɗu: ka yi amfani da manhajar yadda kake so, ka duba yadda aka gina ta ka gyara, ka raba ta ga wasu, ka kuma raba wadda ka gyara. A 1989 ya fito da lasisin GPL mai tabbatar da waɗannan haƙƙoƙi. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991, tana ƙarƙashin wannan lasisi, kuma a kanta aka gina Android.

Maganar da ta ta da ƙura

A watan Agustan 2019 attajirin nan Jeffrey Epstein ya mutu a gidan yari a New York, yana jiran shari'a kan safarar ƴan mata masu ƙananan shekaru domin lalata. Ɗaya daga cikin matan, Virginia Giuffre, ta ce tana da shekara 17 aka umarce ta da ta kwana da wasu manyan mutane, ta ambaci Marvin Minsky, shehin malami a MIT wanda ya rasu a 2016. Matar Minsky ta musanta zargin.

A watan Satumba Stallman ya rubuta wa abokan aikinsa yana kare marigayin. Ya ce bai dace a kira abin farmaki ba, domin a ganinsa mai yiwuwa Epstein ya tilasta wa yarinyar ta nuna wa Minsky kamar da son ranta ta zo. Wasu jaridu suka ruwaito cewa ya ce ƴan matan da yardarsu aka yi, abin da bai faɗa ba. Sai dai ko a yadda ya faɗe ta, maganar ta ɓata wa mutane rai: ana batun yarinyar da aka zalunta, shi yana gardama kan ma'anar kalma.

Daga nan aka tono tsofaffin rubuce-rubucensa. A 2006 ya taɓa rubuta cewa yana shakkar ko saduwa da yaro na cutar da shi idan yaron ya yarda. Wasu mata da suka yi karatu ko aiki kusa da shi suka ce halayyarsa ta sha takura su. Ranar 14 ga Satumba ya janye ra'ayinsa game da yara, ya ce hira da mutane ta fahimtar da shi irin illar da hakan ke yi. Ranar 16 ga watan ya ajiye shugabancin FSF, ya kuma bar MIT.

Dawowa da neman gafara

A watan Maris na 2021, a taron shekara na gidauniyar, ya sanar da cewa ya koma cikin kwamitin gudanarwarta. Mutane fiye da 3,000 suka sa hannu a takardar neman a cire shi, wasu dubbai da suka fi su yawa suka sa hannu a takardar goyon bayansa. Kamfanin Red Hat ya dakatar da tallafin da yake ba gidauniyar. Masu gina manhajar Debian suka yi ƙuri'a, suka zaɓi kada ƙungiyarsu ta ɗauki matsayi.

Ranar 12 ga Afrilu ya fitar da sanarwa. Ya ce tun yana matashi yake da wahalar gane abin da mutane ke nufi idan ba su faɗa ƙarara ba, kuma hakan ya sa ya ɓata wa wasu rai, musamman mata, ya nemi gafararsu. Game da Minsky bai janye kariyar da ya yi masa ba, amma ya amsa cewa kuskure ne da bai ambaci zaluncin Epstein da raɗaɗin da matan suka sha ba. A ranar ce kwamitin FSF ya ce yana nan kan bakansa na mayar da shi.

Da me ake auna tuba?

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Shi ya sa idan aka zauna sulhu gaban mai gari ko hakimi, ba a tsayawa kan "ku yafe mini" kawai. Ana duba ko mai laifi ya ambaci laifinsa da sunansa, ko ya daina, ko ya tunkari wanda ya cutar, da kuma ko da kansa ya zo ko sai da aka matsa masa. Malamai ma na cewa haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai haƙƙin ya yafe.

A wannan ma'auni, tuban Stallman ya cika ta wani gefe, ya gaza ta wani. Janye ra'ayinsa game da yara a fili yake, ba kwana-kwana. Amma ya zo ne ana tsakiyar rikici, bayan shekara 13 da rubuta shi. Sanarwar 2021 kuma ta fito ne mako uku bayan dawowarsa, lokacin da masu ba da kuɗi suka fara janyewa, kuma ya ba bayanin halittarsa fili mai yawa a cikinta. Magoya bayansa na ganin gaskiya ce ya faɗa game da kansa. Masu sukarsa na ganin uzuri ne. Su ma masu sukar akwai abin da ke kansu: an jingina masa maganar da bai yi ba, kuma hukuncin da aka gina kan ƙari ba adalci ba ne, ko da wanda ake tuhuma yana da wani laifin.

Tambayoyi uku da bai kamata a cakuɗa ba

Mutanen Dakoro sun san darajar rijiya. A ce wani ya haƙa rijiya da guminsa, ya ce kowa ya sha, makiyayi da manomi. Daga baya aka ji munanan kalamai daga bakinsa, har mata suka fara ƙin zuwa ɗiban ruwa idan yana wurin.

Tambaya ta farko: a daina shan ruwan? Ba wanda zai ce haka. Lasisin GPL da manhajojin GNU aikin dubban mutane ne yanzu, kuma ƴancin da suke bayarwa bai dogara da halin wanda ya fara su ba. Ga ƙasa kamar Nijar, inda kuɗin lasisin manhajojin kamfanoni ke yi wa makarantu da ofisoshi nauyi, watsi da su hasara ce kawai.

Ta biyu: a yafe masa? Wannan na hannun waɗanda ya ɓata wa, ba na masu kallo ba. Wanda bai ji zafin ba ba shi da ikon yafewa a madadin wanda ya ji.

Ta uku: a mayar da shi cikin kwamitin kula da rijiyar? Nan ne ainihin gardamar take. Shugabanci amana ne, ba ladan aikin baya ba. Ana iya yafe wa mutum da zuciya ɗaya, a ci gaba da gaishe shi da neman shawararsa, amma a ba wani mabuɗin, idan zamansa a kujerar zai kori waɗanda aka haƙa rijiyar dominsu.

Gidauniyar FSF ta bi hanyar tsakiya. Stallman bai koma kujerar shugaba ba, wadda aka ba Geoffrey Knauth a 2020, amma ya zauna a kwamitin, kuma ya ci gaba da jagorantar GNU. Bayan rikicin gidauniyar ta ware wa ma'aikatanta kujera ɗaya a kwamitin, ta kuma sake tsarin zaɓen mambobinsa. Ƙungiyoyinmu na gari, daga na iyayen ɗalibai zuwa na makiyaya, na iya ɗaukar darasi a nan: a rubuta ƙa'idar yadda ake sauke shugaba da yadda ake mayar da shi tun ana zaman lafiya, kafin ranar da wanda ake tuhuma zai zama shi ne ya kafa ƙungiyar.